Firizar da ta rasu da sosej ɗin Bilkisu a cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yanzu bai dawo daidai ba, ni Abdulrauf, mai sarin kaya a kasuwar Shahe, nake sanar da 'yan'uwa mazauna Guangzhou rasuwar firizar gidanmu, wadda aka fi sani da Iya Ƙanƙara. Ta cika a gidanmu da ke Panyu bayan gajeriyar jinya. Ba ita kaɗai ta tafi ba. Ta tafi da ƙullin sosej na ƙarshe da na yi wa 'yata Bilkisu alkawarin ajiye mata har ta zo hutu daga Kano.

Marigayiya ta shigo gidanmu sabuwa fil, a cikin kwalinta. An ba ni shawarar in sayi ta hannu, na ƙi, domin a garin nan ba ka san da me firizar hannu ta saba kwana ba. Muna shaida cewa tun daga ranar da aka jona ta har numfashinta na ƙarshe, naman alade bai taɓa raɓar ta ba. Firizoji kaɗan ne a Guangzhou za a yi wa wannan shaida.

Saboda Bilkisu aka kawo ta. Lokacin tana ƙaramar makaranta a nan, akwai wani kanti a bakin ƙofa inda sosej ke juyawa a kan inji yana naso, ana tashi yara su yi caa, kowa ya fito da nasa a tsinke. Kullum sai ta ja min riga, kullum in ce mata ba namu ba ne. Wata rana muka zo wucewa ba ta ja rigar ba, ta kau da kai kawai. Wannan ya fi kukan yi min ciwo.

Sai na shiga nema. Garin nan ba ya rasa sosej: akwai busasshe mai zaƙi da ake ratayewa a ƙofar shaguna, akwai ja mai ƙamshin hayaƙi da ake kawowa daga arewacin ƙasar, akwai na tsinke a kowace kwana. Amma ka tambayi na halal, sai a kaɗa maka hannu a ce "meyo", wato babu. Wanda na samu da tambarin halal kuwa, na kaza ne a suna. Gari ne aka cura aka zuba masa kala, ka tauna ka ji kamar ɗanwaken da ya kwana. Bilkisu ta gutsura sau ɗaya, ta ce na gode Baba, ta ajiye.

A bayan wani masallaci na gamu da Malam Ma, dattijo Basine musulmi mai farar hula. Shi da hannunsa yake niƙa naman sa, ya ɗura a hanjin rago. Idan aka gasa ka gatsa, sai fatar ta ce ƙas, romo ya biyo haɓa. Ba kullum yake yi ba, kuma gidanmu da nisa, don haka sai an saya da yawa an adana. Nan aikin marigayiya ya fara, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Ta kasance mai haƙuri, mai rufin asiri, mai ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Muryarta ɗaya ce, mmmm, sai can ta ce ƙyat, girrr, ta ci gaba da aikinta. Albarkacinta gidanmu ya zama majalisa ranar Juma'a. Abdulbaƙi, ɗalibin nan ɗan Nijar, ya dage cewa sosej ba ya ciyuwa sai a dogon burodi da mayonez. Maƙwabcina Maharazu ya ce wannan lalata nama ne, yaji da albasa sun wadatar, ai tsire ne aka sa wa safa. Bilkisu ba ta shiga gardamarsu. Nata a tsinke take so, ta sauka ƙasa ta ci a gaban ƙawayenta.

Bara ta koma Kano karatu tare da mahaifiyarta Turai. Ba a jima ba gwiwa ta hana Malam Ma tsayuwa, ya tattara ya koma garinsu, ɗansa kuma ba ya sha'awar sana'ar. Ranar sallama ya miƙo min ƙullin ƙarshe, ya dafa ƙirji, ya nuna tsayin yarinya da hannu. Na kai wa Iya Ƙanƙara, na sa a can ƙasa. Ko Maharazu, da duk nacinsa, bai taɓa cewa a buɗe ba. Duk wayar da muka yi da Bilkisu sai ta tambaya ko yana nan, in ce yana nan.

Ciwon ajali ya fara ne lokacin raɓar nan da bango ke zufa. Muryarta ta dushe, girrr ɗin ya koma nishi. Mai gyara ya zo ya duba ta, ya ce "lauban", wato maigida, "ba matsala", ya tafi. Na yarda da shi, na wuce Huangpu lodin kwantena, aiki ya riƙe ni can. Da na dawo, tun daga matakala wari ya yi min gaisuwar mutuwa. Na buɗe ƙofa na ji gidan tsit. Na zauna a ƙasa kusa da ita na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ta rasu ta bar injin gashi guda, wanda yanzu ba shi da abin juyawa, da kwalbar mayonez ta Abdulbaƙi, da damin tsinke. Ta bar ni da maganar da na kasa faɗa a waya. Na zaga bayan masallacin nan, na tambayi masu taliyar halal ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai yin irin na Malam Ma. Duk amsar ɗaya ce.

Za a sauko da gawa ranar Asabar da hantsi, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗauke ta a kekensa. Ba wanka, ba salla, tun da ba mutum ba ce, amma ana buƙatar majiya ƙarfi domin benenmu ba lifta. Ba za a yi zaman makoki ba, saboda daga nan filin jirgi zan wuce in taro Turai da Bilkisu. Duk wanda ya ga dama ya raka ni, ina so, don ban san da bakin da zan fara ba. Turai ta ce yarinyar da kanta ta daka yajin da za ta ci sosej ɗin da shi, kuma ta ƙi yarda a sa shi a akwati. A jakar hannunta yake.