Lokotoro Ƙwarangwal

Shekarar da muka samu mulkin kai, duk unguwar Kalley ba wanda ya kai ni son littattafan Faransanci masu zanen ban dariya kan mutuwa. Ban iya karatun ba, amma hoto ya ishe ni.

Ran nan na sayo wani cike da ƙwarangwal, na baje shi a shagon tela Hamani. Na ce, "Wannan ya mutu ne yana jiran ɗinkinsa." Ana cikin ƙyaƙyatawa, ƙanen Hamani mai aikin asibiti ya leƙo, ya ce mini, "Yaya, ai littafin koyon likitanci ne."

Har yau Lokotoro Ƙwarangwal suke ce mini, wato likitan ƙwarangwal. Su yi ta faɗa. Ni dai na gani da idona, ƙwarangwal ɗin nan dariya yake yi.