Batirin Fannami Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta wanke kanta daga laifi ba, Malam Fannami Ajimi, mai fataucin tattasai a nan Diffa, yana sanar da ƴan'uwa da maƙwabta rasuwar batirinsa na biyu. Ya cika ranar Talata bayan Azahar, a ƙarƙashin kujerar baya ta farar motar nan da kowa ya sani. Shekararsa huɗu.

Marigayin bai taɓa tayar da injin ba, wannan aikin yayansa ne, batirin farko. An kawo shi lokacin da Fannami ya mayar da motar ɗaki, ya sa katifa da fanka da ƙaramin firigo na sanyaya kaya, don ya riƙa kwana a ciki in ya bi gonakin bakin kogin Komadugu. Mai gyaran wutar mota, Labaran, shi ne ya haɗa shi da faifan sola na saman motar. Ya ja masa waya ɗaya tak, da fizibil, ɗan abin nan da ke ƙonewa in kaya sun yi yawa. A ranar ya ce: "Malam, wannan ba rijiya ba ce, randa ce. In ka kwashe ta har gindi za ta tsage."

Mai haƙuri ne, ba shi da surutu. Abin da aka sani na muryarsa shi ne gurnanin firigo, zuuu, sai kuma ɗan ƙit-ƙit in ya gaji.

Babban aikinsa ya zo bara, da Ya Kaltum, ƙanwar mahaifiyar Fannami, ta ƙetaro kogi da ciwon suga da kwalaben allurarta da ba sa son zafi. Unguwar ba a kawo mata wuta ba. Fannami ya daina tafiya mai nisa, ya ajiye motar a ƙofar gida, maganin ya tare a firigo. Tun daga nan ran tsohuwar yake rataye da wannan baƙin akwati.

Rashin lafiyar ta fara da cajin salula ɗaya, wayar hannu ta maƙwabci. Fannami, wanda bai yi makarantar wuta ba amma yana da ƙarfin kallo, ya kwance kan batirin ya murɗa wata waya. Sai wanzami ya zo da injin askinsa. Sai ladan ya zo, lasifikar masallaci ta mutu. A unguwar nan ba a hana maƙwabci garwashi, to wa zai hana shi wuta don ta canja kama? Wayoyin wuta suka taru a kan marigayin har guda bakwai.

Ranar Talata aka yi suna a gidan maƙwabcinsa Grema, aka roƙi a jona amsa-kuwwa. Fizibil ya ƙone, aka sa wani, ya sake ƙonewa. Fannami, da baƙi tsaye a kansa, ya karɓi takardar azurfa ta kwalin sigari ya cusa a gurbin. Kiɗa ya tashi, aka yi masa godiya. Kafin La'asar cikin marigayin ya kumbura, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika motar, firigo ya yi shiru. An sami kwalaben da ɗumi. Majo, babban ma'aikacin jinya na likita, ya duba, ya ce biyu daga ciki a zubar.

Ya Kaltum ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi: "Ɗana, ai sun ji daɗin sunan." Wannan maganar ce ta hana shi cin abinci. Yana ta juya abin: a cikin mutum bakwai ɗin, wa ya kamata ya kora? Ladan? Mai jego? Kowa da haƙƙinsa ya zo, ba wanda ya roƙi haram. Amma alherin da ya yi ta rabawa, daga kason tsohuwa ya ɗiba, kuma bai taɓa tambayarta ba.

Marigayin ya bar yayansa, batirin injin, da faifan sola mai tara rana ba wurin zubawa, da firigo maraya, da sauran kwalabe uku na allura da ke kwance yanzu cikin tukunyar ƙasa a jiƙaƙƙen yashi.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis da hantsi zuwa garin Geskeru, inda masunta za su narke darmar cikinsa su yi nauyin raga. Labaran ne zai tsiyaye ruwan, nesa da kogi. Zaman gaisuwa kwana uku ne a gindin motar. Mai niyyar kawo goro ko dabino, ya kawo ƙanƙara a madadinsu.

Ana kuma roƙon masu zuwa, don girman Allah, kowa ya bar salularsa a gida. Fannami har yau bai iya cewa a'a ba, kuma batirin da ya rage shi ne zai kai Ya Kaltum likita.