Tsiron da Musaddiq Ya Kawo Daga Holan

A duk faɗin Haɗejiya, daga kasuwar kifi har Auyo, babu wanda ya san ruwa kamar Musaddiq ɗan Hajja Ummussalma. Gaskiya ne bai iya iyo ba, kuma tun yana ƙarami ba ya shiga fadama saboda taɓo na ɓata masa takalmi. Amma ya yi wata huɗu cur a wata jami'a a Holan cikin shirin musayar ɗalibai, ƙasar da aka ce teku ma sai da izininta yake motsi. Shi ya sa 'yan unguwa suka naɗa shi Dakta Wata-Huɗu, shi kuwa ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Zamansa a can abin koyi ne. Watan farko ya tafi wajen fahimtar ƙofar ɗakin karatu mai buɗe kanta; kwana uku yana yi mata godiya. A na biyu ya koyi hawan keke, abin da ya ƙi yi a gida don kada a ɗauke shi talaka. Na uku mura ta cinye shi. A na huɗu ne ilimi ya sauka. Malaminsu ya kai su bakin wata magudana, ya nuna musu wani dogon tsiro mai kai kamar zangarniyar gero, ya ce yana tace ƙazantar ruwa. Musaddiq ya rubuta sunansa na Latin, ya faki ido ya tsinki kai ɗaya, ya ɓoye cikin safa.

Ya dawo da buri guda: kujerar shugaban kwamitin ruwa na manoman shinkafa, wadda kawunsa Baba Bakari ya shekara ashirin a kai. Zaɓe saura wata biyu. Ya shuka irin a cikin bahon wankin Hajja, yana ba shi ruwan leda, ya lulluɓe shi da gidan sauro. Wata rana Hajja ta leƙa, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu ya ce wannan kimiyya ce. Ta rufe bakinta ta koma kan tuwonta.

Ranar zaɓe aka tsallaka da shi a kwalekwale, sanye da kwat, rungume da baho. Manoma na zaune ƙarƙashin tsamiya a bakin ruwa. Ya juya wa kogi baya, ya gyara murya.

"Iyayena, matsalarku ba ruwa ba ce, rashin fita waje ne. Abin da ke cikin bahon nan shi ya mai da Holan Holan. A ba ni kujera, cikin shekara guda in cika muku fadamar nan da shi."

Ya yaye gidan sauron.

Kacalla ce, ciyawar da ta toshe musu hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu wawushe shinkafa. Babu wanda ke zaune a wurin da hannunsa bai yi kanta wajen yankanta ba.

Baba Bakari ya matso, ya shafa ganyen, ya tambaya a hankali, "Ɗana, har Holan ta kai?"

Musaddiq ya ce a can da gangan ake shuka ta, shi ma a cikin safa ya ɓoyo irinta. Nan tausayi ya kama jama'a. Liman ya ɗaga hannu aka yi wa mutanen Holan addu'a, Allah Ya yaye musu. Dakta ya dage cewa tasa ta Turai ce, mai tarbiyya. Wani dattijo ya roƙe shi ya waiwaya. Ya waiwaya. Iya ganinsa, har inda sama ta haɗu da ƙasa, bincikensa ne ke kaɗawa cikin iska.

Ba a yi masa rowa ba. Kujera ta zauna wurin Baba Bakari, amma baki ɗaya aka zaɓi Dakta shugaban masu yankan kacalla, tunda shi kaɗai ya karance ta a jami'a. Aka miƙa masa lauje. Aiki ranar Litinin, ruwa iya ƙirji.

Baba Bakari ya ce in laujen ya yi masa nauyi, ya taho da safar ya kwashe ta a ciki.