Garin Kakanmu a Bakin Farce

Ana gab da samun 'yancin kai na aro taswirar masu safiyo, mai nuna tuddai da rafukan Arewa, don in gano ƙauyen kakanmu. Na baje ta a tsakar gidanmu na Aboabo, ina taunar goro ina zuba bayani, har na dangwala yatsa kan wani jan ɗigo.

"Ga garinmu! Saboda girmansa aka sa masa ja."

Kawu ya fara hawaye. Sai gwaggona ta sa farce ta kankare garin ɗungurungum.

"Ɗana, goron bakinka ne."

Daga baya mun gano ƙauyen, har mun kai ziyara. Amma har yau da na fasa goro sai a ce, "Malam, kau da kai, kada ka kafa mana sabon gari."