Yadda Za Ka Shirya Fim a Daura Ka Kashe wa Kawunka Kasuwa

Kai da ke zaune a majalisa kana kallon 'yan fim na Kano a waya kana haɗiyar yawu, share hawayenka, kakarka ta yanke saƙa. Ni Sabiru, furodusa, darakta, mai ɗaukar hoto, kuma shugaban kamfanin Walƙiyar Damina, zan koya maka sana'ar nan tun daga tushe. Fim ɗaya na taɓa yi a duniya, amma daga Baure har tsallaken iyaka ba wanda bai gan shi ba. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin mako uku aikinka zai zagaye ƙasar Daura kaf. Ban ce da alheri ba, na dai ce zai zagaye.

Mataki na 1: Samo labari

Kada ka wahalar da kanka da rubutu, takarda ta 'yan boko ce. Labarin da ya fi layi ɗaya ciwon kai ne. Ga nawa: mugun dillali ya cuci makiyayi a kasuwar shanu, daga baya ya yi nadama. Shi ke nan. Sai ka raba shi gida biyu kamar yadda manya ke yi, kashi na ɗaya cuta, kashi na biyu tuba.

Mataki na 2: Nemo bos a cikin dangi

Jarumi ba ya wuya, duk saurayin da ya sayi sabon tabarau yana so. Bos, wato mugun fim, shi ne aiki. Ɗan wasan Kano zai ce sai ka kama masa otal ka sayo masa kaza. Ina dalili? Waiwaya gida.

Ni na waiwaya na ga Kawu Kalilu, yayan mahaifiyata, dillali a kara, wato kasuwar shanu ta Mai'adua. Shekara talatin yana zama gindin bishiya ɗaya, ba a taɓa jin ya ci abin da ba nasa ba. Makiyayi kan miƙa masa igiyar sa ya tafi shan fura, ya dawo ya karɓi abin da Kawu ya ce an saya, ba tambaya. Ba shi da shago, gonarsa kuwa ko akuya ta raina ta. Yardar nan ita ce jarinsa, ita ke ɗora tukunya a gidansa.

Na durƙusa na ce, "Kawu, fuskarka ta fim ce."

Ya ce, "Kai Sabiru, ni da furfurata? Ka rasa wanda za ka mayar ɗan wasa sai ni?"

"Ba wasa ba ne, Kawu, faɗakarwa ce. Matasa za ka nuna wa illar cin amana."

Ya shafa gemu, ya ce in dai faɗakarwa ce ba laifi. Riƙe wannan kalma da kyau. Babu ƙofar dattijon da ba ta buɗewa.

Mataki na 3: Kada ka sayi komai

Kayan wasa ɓarnar dukiya ne. Me ya sa za ka ɗinka wa dillali rigar dillanci alhali yana sanye da ita? Ka ɗauki fim ɗinka ranar Lahadi, kasuwa na ci, shanu kyauta, ƙura kyauta, jama'a kyauta. Ka zaunar da Kawu gindin bishiyarsa, da shuɗiyar rigarsa, da hularsa da ta karkace hagu, da sandarsa. Makiyayin fim kuwa Ikrima mai gyaran babur ne, mun kifa masa malafa muka hana shi magana da yawa.

Sai batun suna. A labarina bos Alhaji Musaddiq ne. Sau bakwai Ikrima na kiran "Alhaji Musaddiq!" Kawu na waige-waige yana taya mu neman mutumin. Batirin wayar da nake ɗaukar fim ɗin da ita ya fara nuna ja. Na ce a bar masa Kalilunsa, suna ai linzami ne kawai. Wannan shi ake kira basirar darakta.

Da na ce "Akshin!" sai ga abin mamaki. Kawu ya ja mai saye gefe, ya yi masa raɗa, ya kashe ido ɗaya, ya dawo da fuskar tausayi ya ce wa Ikrima, "Yaro, sanka hanta ke cinsa, ka yi haƙuri da abin da ya samu." Shekara talatin yana kallon macuta, ashe duk ya haddace su. Abu ɗaya ya ƙi, rantsuwa, ya ce ko a fim ba zai rantse kan ƙarya ba. Na yi tsalle, na yi tafi, na kusa yar da wayar cikin kashin shanu.

Mataki na 4: Tace aikinka

Sa kiɗa mai ban tausayi duk inda sa ya juyo da kai. Wasu kan rubuta a farkon fim cewa labarin ƙirƙira ne. Gurbin nan ya fi ƙarfin wannan shirme, sa sunan kamfaninka sau uku, da wuta tana ci a jikinsa.

Mataki na 5: Talla

Nan ake gane furodusa na gaske. Yanko minti ɗaya mafi zafi, daga raɗa zuwa kashe ido, ka watsa a guruf-guruf na waya. A ƙasa ka rubuta, "Ku ga abin da ke faruwa a kara!" Kada ka kuskura ka ce fim ne, mutanenmu sun fi son abin da suka ɗauka an kama wani ne.

Na tura da hantsi. Kafin la'asar ya dawo wayata daga hannun mutum goma sha ɗaya, har da mahaifiyata, ta haɗa da muryarta tana cewa, "Sabiru, me nake gani haka?" Na ce a raina, abin nema ya samu.

Mataki na 6: Rarrabawa

Manta da sinima. Sinimarmu tana rumfar masu cajin waya, inda ake tura wa mutane fim a memori. Ka kai musu kashi biyun, ka yi musu godiya, ka tafi. Za su tura na ɗaya. Na biyu za su ce ya yi nauyi, memorin mutane cike yake da wa'azi da waƙoƙin biki, kuma wa zai ɓata wuri don kallon tsoho yana kuka? Daga nan direbobi da 'yan acaɓa za su ɗauke maka sauran aikin. Nawa ya kai Zango ranar Talata, ya ƙetare iyaka kafin Juma'a, ban taka ko'ina ba.

Mataki na 7: Je ka girbi yabo

Lahadi ta zagayo, na sa tabarau na tafi kara a gan ni. Na tarar da Kawu gindin bishiyarsa, hannu wayam. Tun hantsi har azahar ba wanda ya miƙa masa igiya. Can sai ga Jafaru, tsohon makiyayin da ya shekara ashirin ba ya sayar da ko maraƙi sai ta hannun Kawu, ya wuce da bijimai biyu, ko sallama babu.

Kawu ya miƙe. "Jafaru! Wasa ne fa, fim ne na yaron nan!"

Jafaru ya tsaya. "Kalilu, rigar taka ce?"

"Tawa ce."

"Bishiyar fa? Sunan fa?"

"Nawa ne, amma..."

"To ina wasan? Gani ya kori ji."

Lahadi uku haka. Inna Kulu, matar Kawu, ta daina amsa gaisuwata, na kuma lura hayaƙin gidan ya koma sau ɗaya a rana. Gaskiya na ji kunya, na ji tsoro, tabarau ɗin ma na cire. Amma kai kada ka karaya, wannan alama ce fim ya karɓu.

Mataki na 8: Saki kashi na biyu da kanka

Ɗoro talabijin da janareto a amalanke ka tura tsakiyar kara. Haka na yi. Jama'a suka yi dafifi, har masu awon hatsi suka bar buhunansu. Ga Kawu a allo yana sharɓar kuka, yana riƙe ƙafar Ikrima yana neman gafara. Na tsaya ina murmushi, ina jiran a ce ashe wasa ne.

Sai Jafaru ya girgiza kai ya ce, "Allahu akbar. Ashe da gaske ya aikata. Ga shi kuwa ya tuba."

Kasuwa ta ɗauka, "Ya tuba! Bawan Allah ya tuba!"

Na buɗe baki zan yi bayani, Kawu ya take mini ƙafa da ƙarfi. Idonsa na kan igiyar da ke hannun Jafaru. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Jama'a, ku yafe mini. Sharrin Shaiɗan ne."

"Mun yafe! Allah ya yafe mana baki ɗaya!"

Jafaru ya matso ya damƙa masa igiyar, har da dafa kafaɗa. Ranar Kawu ya sayar da shanu tara.

Na goyo shi a babur zuwa Daura, muka tsaya ƙofar gidansa. Ya sauka, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Sabiru, a da Kalilu mai amana ake ce mini. Yau na zama Kalilu tubabbe. Iyalina za su ci tuwo da sunan nan, ba komai. Amma ka sani kai ka raɗa mini shi, ba ubana ba." Ya shige gida.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu, ba shi da ƙafa, a duk abin da zai biyo baya. In ka bi matakan nan ka rasa kawu, ko gwaggo, ko gurbin zama a taron suna, kai da halinka, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Kamfanin Walƙiyar Damina ba ya karɓar ƙorafi, ya ma tafi hutu. In kuma hanya ta bi da kai kara ka ga wani dattijo mai shuɗiyar riga, ka gaishe shi da ladabi, kada ka ambaci sunana. Ni kaina har yau ta bakin mahaifiyata nake aika masa gaisuwa.