Jirgin Ɗakin Baba Shekarau

A unguwarmu akwai gidan Baba Shekarau. Mutum uku ne a ciki: tsohon, da babban ɗansa Nomau, da ƙaramin, Ilu mai gyaran rediyo. Nomau ya haura arba'in, ga ƙarfi ga kirki, amma yadda ka ajiye masa magana haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Shekara talatin Baba Shekarau ya yi yana yankan ciyawa a gefen filin jirgin sama, bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Yanzu shekararsa uku a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ko juya shi aka yi sai ya wuni yana nishi, balle a fito da shi waje. Ganinsa kuma kullum raguwa yake yi. Burinsa ɗaya ne, ya sake ganin jirgi a sama kafin idon ya rufe. Sai Ilu ya ƙudurta ƙera ɗan jirgi mai rimot da farin soson nan da ake tallafe talabijin da shi a kwali, wanda zai iya shawagi a ɗakin tsohon.

Wata rana Ilu ya aiki Nomau kasuwa neman soson. Ya ce, "Yaya, duk wanda ka ɗaga ka ji nauyinsa, ajiye shi." Nomau ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora soso a tafin hannu, ya lumshe ido, ya girgiza kai, ya ajiye. Da la'asar ya dawo hannu biyu. Ya ce, "Kowanne akwai ɗan nauyi, Ilu. Sai ka natsu kake ji."

Wata rana Ilu ya yanka fuka-fukai, ya ba Nomau takardar goge katako. "Yi ta gogawa a hankali, kada ka tsaya sai na dawo." Ya tafi ta'aziyya, aka riƙe shi a can. Da ya dawo, tsakar gida ta yi fari fat, garin soso yana yawo cikin hasken rana, kaji sun zama farare. Fuffuke kuwa babu ko ɓurɓushinsa. Nomau yana zaune yana goge bencin da yake aikin a kai, ya kusa raba shi biyu.

Wata rana jirgi ya haɗu, bai fi tsawon takalmin soso ba, aka gwada shi a tsakar gida. Ilu ya ce, "Kada ka ɗauke ido daga kansa." Iska ta kwashe jirgin ta tsallake katanga da shi. Nomau ya bi, kai a sama, ya ratsa gidana, ya taka min shanyar kuɓewa ko sannu babu. Muka same shi a bakin kwata a tsugune, akuyar maƙwabciyarmu Iya Kande tana cin wutsiyar jirgin a gabansa. Ya ce, "Ban ɗauke ba. Da kyar nake ƙiftawa."

Ilu ya sake wani. Amma ɗakin tsohon ya yi wa jirgin kaɗan. Da ya tashi sai ya bugi bango, ko ya maƙale a gidan sauro. Tsohon ya daina juyo da kai ma in ya ji ƙararsa. Ranar na ga Ilu yana share hawaye a zaure, ni ma zuciyata ta karye.

Wata rana da hantsi Ilu ya ce zai gwada na ƙarshe. Zai tafi cajin batir, ya ce, "Yaya, duk abin da zai tare wa jirgi hanya a ɗakin Baba, fitar da shi." Nomau ya fitar da kujera, da akwati, da gidan sauro. Ya tsaya ya dubi sama. Sai ya lulluɓe uban da zane saboda ƙura, ya hau, ya kwance kwanon rufin ɗaya bayan ɗaya.

Ilu ya shigo ya tarar da ɗaki a buɗe, ga damina ta kusa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, Nomau ya riga shi yaye zanen. Haske ya sauka a fuskar tsohon. Gajimare farare suna wucewa a hankali, shirwa tana kewaye can nesa.

Ilu ya danna rimot. Ɗan jirgin ya zaga ɗakin sau ɗaya, ya haura ta inda rufi yake a da, ya yi ta hawa. Idon Baba Shekarau ya bi shi har ya zama ɗigo, kuma bayan Ilu ya sauko da shi idon bai sauko ba.

Ilu ya durƙusa ya ce, "Baba, yi haƙuri, yanzu za mu mayar da rufin."

Tsohon ya ɗaga hannun da ke motsi. Da kyar maganar ta fito. "Ku bari tukuna. Ashe sama tana nan."