Rasuwar Rautar da Milunka Ta Lulluɓe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da waya mai cike da saƙonnin da suka ƙi tafiya, Milunka Stoshich ta hawa na huɗu a benenmu, a nan garin Kraljevo, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar rautar gidanta, farar na'urar waifai mai ƙaho biyu, wadda ta cika ranar Talata da hantsi tana da shekara bakwai a duniya.

Marigayiya ba ta da hayaniya. Iyakar maganarta ɗan "tsiii" in an kunna ta, sai ƙifta koren ido. Duk Lahadi da yamma ita ke ɗauko Gordana, 'yar Milunka tilo, daga Toronto ta dire ta kan teburin kicin, uwa ta duba ko ta rame. Yanzu Gordana na da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, ta kuma yi alkawari uwarta ce za ta fara ganin fuskar jaririn. Abin da ke cin Milunka ke nan, har ta daina taɓa abinci.

Ciwon ya soma ne da zafi ya shigo. Sabis ya zo, sabis ya tafi, Gordana ta daskare a waya baki buɗe. Ratomir na hawa na biyu, tsohon mai gyaran rediyo, ya hau da tabarau biyu, ya ce katangar tsaronta ce ta yi tsauri. Ya sassauta katanga, sabis ya gudu. Ya ɗaure, ta hana kowa shiga, har Milunka kanta. Sau goma sha ɗaya yana tsokanar ramin bayanta da tsinken sakace, kowane karo ta farfaɗo ta manta sunanta da lambar sirri. Sai ranar ƙarshe ya ɗaga ƙyallen saƙa da ke kanta.

"Maƙwabciya, ai zafi take kamar tukunyar wake! Wa ya ce ki lulluɓe ta?"

"Tsirara zan bar ta tsakanin taga da ƙofa? Iskar da ta kashe min miji kake so ta same ta? Sakar min ƙyallena, likitan banza."

Gaskiya kuwa ta faɗa, kowa a garin nan ya san abin da iska mai ratsawa ke yi wa ƙashin mutum. Da ciwo ya tsananta ma Milunka ba ta yi sakaci ba, ta ƙara mata na ulu, ta rufe duk tagogi.

Marigayiya ta bar talabijin da ya makance, da wayar Milunka, da maƙwabta uku na hawa na biyar waɗanda suka shekara shida suna shan waifai a ɓoye. Su suka fi kowa kuka.

Za a raka ta kwandon tsofaffin kayan lantarki da ke bayan kasuwa ranar Asabar da ƙarfe goma. Akwai dafaffiyar alkama da sukari, akwai gahawa. Kada a kawo fure. Magajiyarta, sabuwar rauta, za ta iso da azahar, a ɗaura ta kafin Gordana ta kira. Milunka ta riga ta je shago ta auno tsawonta, tana saƙa mata riga ta ulu ninki biyu, ta ce wadda za ta nuna mata jikanta ba za ta ji sanyi a gidanta ba.

Ratomir yana roƙon duk wanda ya zo ta'aziyya, don girman Allah, ya sace kwarashin saƙar Milunka.